Kafin A Ɗora Wa Keke Injin Lantarki: Awo Da Lissafin Da Ke Jiran 'Yan Kasuwar Kwali

KWALI (Abuja) — Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya rikice wa ƙananan 'yan kasuwa da manoma a duk faɗin ƙasar nan. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 a gidajen man kamfanin NNPC da ke Abuja cikin 'yan kwanaki, sa'an nan ta kai Naira 617 a watan Yuli na 2023, ta haura zuwa Naira 897 a watan Satumba na 2024, kafin ta kai Naira 1,030 a watan Oktoba na 2024. Ko da yake farashin ya yi ta hawa da sauka bayan wannan lokaci, bai sake komawa kusa da inda yake a da ba.

Wannan tsada ta fi cizon yankuna irin su Kwali, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1996, take kuma zaune a kan babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tsakanin Gwagwalada da Abaji. Yanki ne na noma, inda doya da dawa da masara da shinkafa ke fitowa daga ƙauyukan gundumomin Dafa da Pai da Yangoji da Kilankwa da Ashara da sauransu, kuma babur ne ke ɗauke da yawancin mutane da kayansu daga gona zuwa bakin titi. Saboda haka duk lokacin da mai ya tashi, kuɗin acaba ya bi shi, ribar mai tallar kaya kuwa ta ragu.

Ba yau aka fara tunanin komawa ga keke a Abuja ba. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a da su rungumi keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa ofis, kafin wata motar bas ta ture shi cikin kwalbati. Abin da ya bambanta yau da wancan lokaci shi ne samuwar ƙaramin injin lantarki da ake ɗaurawa a cibiyar ƙafar keke, wanda ke rage wa mahayi wahalar taka feda. Ana sayar da shi tare da batir, da akwatin da ke sarrafa wutar, da caja, kuma yawancinsa daga ƙasar Sin ake shigo da shi, inda kekunan lantarki da ke kan hanya suka haura miliyan 300. Dabarar kuwa tsohuwa ce, domin tun a shekarar 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar ƙafar baya.

Sai dai ba kowane keke ne ke karɓar irin wannan inji ba. Wanda ya sayi kayan kafin ya auna kekensa yana iya wayar gari da jari a kwance cikin kwali, ko kuma, abin da ya fi muni, ƙafar gaba ta fice masa yana tsakiyar gudu. Tun da darajar Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan Dalar Amurka a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuskure a kan kayan da aka shigo da su daga waje ya zama kuskure mai tsada.

Gangar jikin keke da bakin fok

Abu na farko da za a duba shi ne irin ƙarfen da aka ƙera keken da shi, kuma mayen ƙarfe kaɗai ya isa gwaji. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne, wanda yakan lanƙwashe ya ba da alama kafin ya karye. Idan bai manne ba, to alminiyom ne ko wani abu makamancinsa, wanda ba shi da nauyi amma yakan tsage farat ɗaya. Tsofaffin kekunan Raleigh, waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, duk baƙin ƙarfe ne. Da yawa daga kekunan gwanjo masu giya da ake shigowa da su daga Turai kuwa alminiyom ne. Duk keken da aka taɓa yi wa walda a wuya ko a fok, ko wanda tsatsa ta ci gindin sandunansa, ya fita daga lissafi tun daga nan.

Abu na biyu shi ne faɗin wurin da ƙafa ke shiga. Ana cire ƙafar, a sa ma'auni tsakanin ɓangarorin fok biyu daga ciki. Injin ƙafar gaba an yi shi ne domin faɗin milimita 100, na baya kuma yawanci milimita 135. Kekunan hawan dutse masu giya sukan dace da wannan awo ba tare da gyara ba. Amma tsofaffin kekuna marasa giya, irin waɗanda aka fi ɗaukar kaya da su a ƙauye, bayansu yakan tsaya ne tsakanin milimita 110 zuwa 120, fok ɗin gaban wasunsu ma bai cika 100 ba. Ƙwararren mai gyara yana iya buɗa baƙin ƙarfe da 'yan milimita kaɗan ba tare da lahani ba, amma ba a yi wa alminiyom haka, domin tsagewa zai yi ko da ba a ranar ba.

Abu na uku shi ne tsagar da ke bakin fok, inda sandar tsakiyar ƙafa ke zama. Sandar injin tana da kauri milimita 12 ko 14, an kuma fere gefenta biyu ya zama milimita 10 domin ta zauna cikin tsagar ba tare da juyawa ba. A wasu tsofaffin kekuna tsagar gaba ba ta kai milimita 10 ba, sai an ɗan goge ta da fayil, kuma a nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, su cinye naman ƙarfen da ya kamata ya riƙe injin. Sabbin kekuna masu tsada da ake zura wa sanda ta cikin rufaffen rami ba su karɓar irin wannan inji sam.

Dalilin da ya sa wannan 'yar tsaga ke da muhimmanci shi ne, duk lokacin da injin ya murɗa ƙafa gaba, sandarsa tana murɗa bakin fok baya da irin wannan ƙarfi. Tun da faɗin wurin da ƙarfin ke sauka bai wuce milimita 10 ba, matsin da ke ƙoƙarin wage tsagar yakan kai nauyin ɗaruruwan kilo. Idan ta wage, sandar za ta juya, ta nannaɗe wayoyin injin ta tsinka su, a ƙafar gaba kuwa tana iya ficewa gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne ƙarfen tokare, watau wani ɗan faifan ƙarfe mai kauri da ke kama sandar, a ɗaure ɗaya bakinsa a jikin fok. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na inji, amma ba kowane mai sayarwa ne ke sa shi cikin kwali ba. A kan alminiyom, ko a kan duk injin da ya wuce wat 250, wajibi ne. Fok mai sifirin na kekunan araha kuwa bai cancanci a ɗora masa inji ba ko da an sa tokare.

Girman ƙafa da matsalar birki

A nan ne 'yan kasuwa da dama za su iya yin asara ba su sani ba. Ana sayar da injin ne a ɗaure cikin rim, kuma lambar da aka rubuta a kwali tana iya ruɗar mai saye. Idan aka ce ƙafa inci 28 ce a kasuwar Turai da Sin, yawanci ana nufin rim mai faɗin milimita 622. Amma tayar tsohon Raleigh ko Phoenix, wadda aka rubuta wa 28 x 1½, rim ɗinta milimita 635 ne. Bambancin milimita 13 kacal ne, amma ya isa ya hana taya zama, ya kuma hana birki kamawa. Haka nan inci 26 iri biyu ne a kasuwa: na kekunan hawan dutse milimita 559, na wasu tsofaffin kekunan cikin gari kuma 590. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta ƙananan lambobin da ke jikin taya, kamar 40-635 ko 50-559, domin lamba ta biyu ita ce awon gaskiya.

Har ila yau akwai batun birkin sanda, wanda tsofaffin kekuna ke amfani da shi. Irin wannan birki yana jan roba ne sama ta kama cikin rim, saboda haka yana buƙatar rim mai kafaɗa ta musamman. Rim ɗin da ke zuwa da inji an yi shi ne domin birkin waya mai matse gefe, ko birkin faifai. Wanda ya ɗaura shi a keke mai birkin sanda ya rasa birkin wannan ƙafa ke nan. Mafita ita ce a sayi injin tsurarsa, a ba gwanin ɗaurin ƙafa ya saƙa shi cikin ainihin rim ɗin keken da gajerun wayoyi masu kauri. Kafin haka sai an ƙirga ramuka: yawancin injuna ramuka 36 gare su, alhali tsofaffin kekunan Ingila da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su sukan zo da 32 a gaba, 40 a baya. Idan ramukan ba su zo daidai ba, sai an nemi wani rim.

Ba a raina batun birki, domin ƙarfin da ake buƙata wajen tsayar da abin hawa yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Keken da ya tashi daga gudun kilomita 15 a awa zuwa 25, aikin da ke kan birkinsa ya kusa ninka uku, ban da nauyin inji da batir da buhun da ke kan kariya. Birkin sanda kuwa sanannen abu ne cewa yakan yi sanyi idan rim ya jiƙe, ga shi damina a wannan yanki tana kamawa daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da keken lantarki na yau da kullum a kan wat 250, kuma injin yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Ƙasar Sin ma ta tsayar da nata a kan kilomita 25 a awa tun shekarar 2019. Wannan iyaka ta dace da duk keken da asalinsa ba don inji aka ƙera shi ba.

Gaba ko baya

Ga mai ɗaukar kaya, ƙafar baya ce ta fi dacewa da inji, saboda nauyi yana kanta, ba ta sulɓewa. Injin gaba ya fi sauƙin ɗaurawa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne zaɓin mai keke marar giya, amma idan aka labta wa kariya buhu, gaba yakan yi sakayau, sai ƙafar ta riƙa juyawa a banza a kan yashi ko tsakuwa, musamman a hawa. Hanyoyin ƙauyukan Kwali da yawa na jar ƙasa ne, ga rafuka da gangare, saboda haka wannan lissafi ne na kowace rana.

Injunan iri biyu ne. Akwai ƙarami mai giya a ciki, wanda nauyinsa yakan kama daga kilo 2 zuwa 4, yana da jan ƙarfi a hawa, kuma idan batir ya ƙare ana taka keken kamar yadda aka saba. Rauninsa shi ne haƙoran giyarsa na roba ne mai tauri, suna cinyewa idan aka matsa masa da kaya fiye da kima. Akwai kuma babba marar giya, wanda yakan kai kilo 6 ko fiye, yana da juriya amma yana da nauyin takawa idan wuta ta ƙare. Kowanne daga cikinsu yana zafi idan aka bar shi yana jan kaya a hankali a doguwar hawa ba tare da mahayi ya taimaka da feda ba. Masu iya magana sun ce ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wajen ɗaurawa kuma a tabbata wayar da ke fitowa daga sandar injin ta fuskanci ƙasa, domin kada ruwan sama ya bi ta ya shiga ciki.

Batir: inda ribar take, inda haɗarin yake

Batir shi ne ya fi kowane ɓangare tsada, kuma a kansa ne lissafin riba ya rataya. Batirin litiyom mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana ɗaukar wat-awa 360, nauyinsa kuma kamar kilo 3 ne. Keke mai matsakaicin kaya, idan mahayi yana taka feda, yakan ci wat-awa 10 zuwa 15 a kowace kilomita, watau caji ɗaya zai kai shi kilomita 24 zuwa 36. Cika shi yana cin kimanin kashi huɗu cikin goma na yunit ɗaya na wuta. A farashin Naira 209.50 da aka sa wa masu rukunin "A" a watan Yuli na 2024, wannan bai kai Naira 90 ba, watau ƙasa da takardun Naira 20 guda biyar, masu ɗauke da hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane 'yar wannan gari.

Sai dai mai hankali ba zai tsaya a kan kuɗin wuta ba, domin batir yana tsufa. Mai kyau yakan yi cikakken caji 500 zuwa 800 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Alal misali, a ce an sayi batir a kan Naira dubu 200 ya yi caji 500: kowane caji ya ci Naira 400 daga jari, idan aka haɗa da wuta ya zama kimanin Naira 490 a tafiyar kilomita 30. A ce kuma babur yana shan lita ɗaya a kilomita 40: a farashin Oktoba na 2024, wannan tafiya za ta ci man kimanin Naira 770, ban da baƙin mai. Rarar ta kama Naira 280 a rana, ko Naira dubu 84 a kwanakin aiki 300. Idan batirin ya kai caji 800, rarar ta tashi zuwa Naira 430 a rana. Amma idan jabu ne, wanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, ya mutu bayan caji 150, to kowane caji ya ci fiye da Naira 1,300, ya zarce kuɗin man da ake gudu. Araha ba ta ado.

Wasu sukan koma ga batirin dalma, irin na babur, saboda sauƙin kuɗi da samuwarsa a kowace kasuwa. Guda uku masu bolt 12 da amfiya-awa 12 suna ba da bolt 36, amma nauyinsu ya haura kilo 10, kuma ba su jure a zuƙe su ƙarƙaf kullum. Kowane iri aka zaɓa, sai an duba ko keken yana da wurin ɗaukarsa. Tsakiyar gangar jiki, ƙarƙashin sanda, ita ce ta fi, domin nauyi ya zauna ƙasa, kariya kuma ta zama ta kaya.

Batun caji yana buƙatar tsari a inda wutar kamfanin rarraba lantarki na Abuja ba ta tsayawa. Caja mai amfiya 2 tana buƙatar awa biyar zuwa shida kafin ta cika batir mai amfiya-awa 10. Faifan hasken rana mai wat 150 zuwa 200, idan an haɗa shi da na'urar da ta dace, yana iya cika irin wannan batir cikin yini ɗaya. Kowane batir da cajarsa: mai bolt 36 yana cika ne a kan bolt 42, mai bolt 48 kuma a kan 54.6, kuma haɗa cajar babba da ƙaramin batir hanya ce ta tayar da gobara. A birnin New York na Amurka, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga batiran litiyom a shekarar 2023, inda mutane 18 suka rasu. Ita ma hukumar kashe gobara ta Landan ta sha yin gargaɗi a kan kekunan da aka mayar na lantarki da kayan da ba a san asalinsu ba. Ba a yi wa batirin litiyom caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, abin lura a watannin Maris da Afrilu, lokacin da shago mai rufin kwano ke zama kamar tanda. Kada a yi caji a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar fita, ko kusa da jarkar fetur.

Abin da ya rage ga 'yan kasuwa

Idan aka tattara awon, kekunan da ke yankin sun kasu uku. Keken hawan dutse na baƙin ƙarfe, mai ƙafa 559 da faɗin baya milimita 135 da birkin waya, shi ne ya fi dacewa, kusan ba ya buƙatar komai sai ƙarfen tokare. Tsohon Raleigh ko Phoenix yana karɓar ƙaramin inji mai wat 250, amma sai an saƙa shi cikin rim ɗinsa, an gyara birki, an kuma haƙura da gudu. Keke mai tsaga ko walda, da mai fok ɗin sifirin na araha, da mai rufaffen ramin sanda, gara a bar su yadda suke.

Ga masu shigo da kaya, darasin shi ne kwalin da aka shirya domin kasuwar Turai ba lalle ya dace da keken ƙauyen Nijeriya ba. Wanda ya yi odar injuna tsurarsu, da rim mai milimita 635 da ramuka 36, da wayoyin ƙafa masu tsawon da ya dace, da ƙarfen tokare, da haƙoran giya na canji, shi ne zai riƙe kasuwar. Wajibi ne kuma ya nemi takardar shaidar inganci ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, musamman a kan batir da caja, ya kuma ba mai saye garanti a rubuce. Ga masu gyaran keke, saƙa ƙafa da gwajin batir sabuwar sana'a ce da za ta ƙara musu ciniki, kuma cibiyoyi irin su Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wadda ke cikin wannan ƙaramar hukuma, suna da hurumin taimakawa da horo da gwaji. Masu shagunan cajin waya da ke da faifan hasken rana kuwa suna iya ƙara cajin batirin keke cikin hidimarsu, muddin sun ware masa wuri mai iska, nesa da kayan da ke kama wuta.

Mai keke da ke shirin sayen inji ba ya buƙatar kashe ko kwabo kafin ya san matsayinsa. Mayen ƙarfe, da ma'aunin milimita, da sifana, da rabin awa a rumfar mai gyara sun isa ya rubuta abubuwa biyar a takarda: irin ƙarfen keken, faɗin fok gaba da baya, faɗin tsaga, lambar da ke jikin taya, da yawan ramukan rim. Da wannan takarda ya kamata ya tunkari mai sayarwa, kuma kada kuɗi su bar hannunsa sai kowace lamba ta yi daidai da abin da ke cikin kwali.